Sharhi kan hayar sabar ta kai kaɗai: yadda na sami kariyar hari da ƙarin kayan aiki

Ina kula da wani shafi da ke adana karatuttukan malamai da tafsiri cikin murya, yana kuma watsa wasu kai tsaye, aikin da nauyinsa ke ninkuwa da zarar watan Ramadan ya kama. Da farko a kan VPS muke, wato yankin da aka tsaga mana daga wata babbar na'ura da muke tarayya da wasu masu haya, har ma'ajiyar ta cika, masu sauraro kuma suka fara kukan cewa murya tana yankewa bayan sallar isha'i. Daga nan muka koma hayar sabar sukutum, wato na'urar da ke ɗauke da shafi tana kai shi ga masu ziyara, wadda babu kowa a kanta sai mu, a hannun wani kamfani mai rumbun na'urori a Jamus. Alkawura biyu ne suka sa na zaɓi tsarin: kariya daga harin DDoS, wato harin toshe shafi da cunkoso, a cikin kuɗin wata, da damar ƙara kayan aiki idan buƙata ta taso.

Game da na'urar kanta ba ni da ƙorafi. Ta zo da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabayit 64 irin ECC mai gyara ƙananan kurakurai da kansa, da faifan ajiya masu sauri irin NVMe guda biyu da aka haɗa a tsarin RAID 1 ta yadda kowanne ke ɗauke da kwafin ɗan'uwansa, sai layin intanet mai gigabit 1 a sakan. A lissafi, irin wannan layi zai ɗauki masu sauraro fiye da 15,000 a lokaci guda idan ana watsa murya a kilobit 64, kuma ba mu taɓa kusantar haka ba.

Batun kariya ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin kusan kowane kamfani yana rubuta ta a tallarsa, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Harin DDoS shi ne a tattaro dubban na'urorin da aka kame, a umarce su da su yi ta kwararo bayanan banza zuwa adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, har layin ya toshe. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta yi amfani da kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet na gidaje wajen kai wa kamfanin OVH na Faransa, mai ba da hayar sabar, harin da ya kai kimanin tarabit 1 a sakan, sannan a watan Oktoba na shekarar aka afka wa kamfanin Dyn mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, abin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. Layin gigabit 1 kashi ɗaya ne cikin dubu na irin wancan hari, saboda haka duk katangar da mutum ya gina a cikin sabarsa ba ta da amfani idan an riga an cika hanyar da ke isowa gare ta. Dole a tare ambaliyar tun daga hanyoyin kamfanin. Wasu kamfanoni suna karkatar da zirga-zirgar zuwa matata, su zubar da shara su bar na gaskiya su wuce. Wasu kuwa rufe adireshin mai hayar suke yi har harin ya lafa, don kare sauran abokan cinikinsu, wanda a wurin mai shafi daidai yake da an cika wa maharin burinsa. Na tambayi wannan a rubuce kafin in biya, aka amsa mini cewa tacewa suke yi.

Mun ga gwajin abin a wani dare ana tsakiyar tafsiri. Jadawalin zirga-zirga da ke allon kulawa ya miƙe tsaye har ƙololuwa, murya ta ɗauke, saƙonni suka fara shigowa ta WhatsApp ana tambaya ko malam ya tashi ne. Bayan 'yan mintuna sai ga wasiƙar imel daga kamfanin cewa an gano hari kuma an kunna tacewa, jadawalin ya sauko, karatu ya ci gaba. A nan sun cika alkawari. Sai dai matatar ta haɗa da wasu masu sauraro na gaskiya, kuma na fahimci dalili daga baya: kamfanonin waya sukan fitar da ɗimbin masu amfani da data ta adireshin IP guda, don haka na'urar da ke ƙirga yawan buƙatu daga kowane adireshi tana iya ɗaukar jama'ar unguwa guda a matsayin mahari ɗaya. Da na rubuta musu sun sassauta ma'aunin, amma sai da gari ya waye.

Akwai kuma nau'in harin da wannan kariya ba ta gani sam, kuma tallar ba ta fito da shi fili ba. Maimakon cika layi, maharin yakan yi ta aiko da buƙatun da suka yi kama da na mai ziyara na gaskiya, musamman zuwa akwatin bincike, har masarrafi, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da rumbun bayanai su gaji alhali layin bai ko kai rabi ba. Da hakan ta same mu, amsar ma'aikatansu a taƙaice ita ce wannan aikin mai haya ne. Gaskiyarsu ce bisa yarjejeniya, ko da yake ina ganin ya kamata su rubuta hakan a inda mai saye zai gani kafin ya biya. Mun magance shi ta hanyar sanya Cloudflare, kamfanin da ke tace masu ziyara kafin su iso sabar, a gaban shafukan, wanda yake da reshe a Legas, muka taƙaita yawan buƙatu a nginx, manhajar da ke amsa masu ziyara, muka kuma ware wa murya adireshi na biyu. Shi ma adireshin da kuɗinsa, domin tun Nuwamban 2019 hukumar RIPE mai raba adireshi a Turai ta sanar da ƙarewar adireshin tsohon tsari na IPv4 da ke hannunta.

Ƙarin kayan aiki a sabar ta kai kaɗai ba danna maɓalli ba ne kamar a VPS, domin sai ma'aikaci ya kashe na'urar, ya buɗe ta, ya saka abin da hannunsa. Mun ƙara faifai biyu masu faɗi a watan Sha'aban, aka ba mu zaɓin lokaci, muka ɗauki tsakar dare, kuma abin da ya sauƙaƙa shi ne agogon Jamus daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyinsu, sai lokacin zafi yake gaba da awa ɗaya. Aikin ya kammala cikin lokacin da suka ɗiba. Iyakar alkawarin ita ce akwatin na'urar: gurbin faifai da na RAM ƙididdigaggu ne, yanzu kuma mun cike na faifan. Masarrafi kuwa ba a sauya shi, sai dai a karɓi sabuwar sabar, a biya kuɗin haɗawa, a kwashe komai. Wanda zai yi haya ya tambayi gurabe nawa suka rage a samfurin da zai ɗauka, domin wannan ne ainihin faɗin damar da ake sayar masa.

Ajiyar kwafi ba ta cikin tsarin, kuma RAID ba ya maye gurbinta. Gobarar da ta cinye wani ginin OVH a Strasbourg a watan Maris na 2021 ta raba waɗanda ba su da kwafi a wani wuri da bayanansu, shi ya sa muke tura namu kullum zuwa wani kamfani a wata ƙasa. Nisan Turai bai cutar da murya ba, sai dai lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne suka lalace a Maris na 2024, shafin ya yi wa mutane da yawa nauyi alhali sabar lafiyarta ƙalau. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne biya da yuro, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin haya ya hau a aljihunmu ba tare da kamfanin ya ƙara komai ba. Duk da haka mun sabunta hayar, muna kuma tambayar farashi a rumbunan Legas domin ajiye sabar ta biyu da za a biya da naira.