Na kai laftof ɗina shara a Ikeja: aikin ya yi kyau, amma ina bin mai gyara noti ɗaya

Ranar wata Laraba cikin Janairu ina tsaka da haɗa katin ɗaurin auren wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yana tsaye a kaina yana gyara mini sunayen abokan ango, sai laftof ɗin ta ɗauke ɗif. Caja na jone, wuta kuma ba a ɗauke ba. Na kai hannu gefenta na hagu, wurin da iska ke fita, na janye da sauri kamar na taɓa murfin tukunya. Mutumin ya dube ni ya ce, "Oga, ko dai mu dawo gobe?" Aikin awa guda ya tafi a banza, domin ban adana ba.

Tsakani da Allah ta daɗe tana ba ni sanarwa. Tun kafin ƙarshen damina fankarta ke kuka kamar injin markaɗe, CorelDRAW kuma, manhajar da nake zanen kati da ita, in na buɗe shi sai na sha shayi na dawo kafin ya gama shiri. Na sayo faifan nan mai fanka biyu da ake ɗora laftof a kai. Na riƙa hura mata iska da baki ta ramukan gefe. Duk a banza. Shagona yana Agege, bakin titi, ina buga katin biki da takardun neman aiki da hoton fasfo, kuma shekara uku ke nan da na sayi wannan kwamfuta, ta hannu, irin wadda Yarbawa ke kira tokunbo. A shekara ukun nan ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe cikinta ba.

Washegari na nufi Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya da ke Ikeja. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tasha ɗaya ce tak tsakanin Agege da Ikeja, amma lokacinsa bai zo daidai da nawa ba, sai na hau danfo na sha gosulo kamar kowa. Wanda ya san kasuwar ya san yadda ake shiga layin Otigba da jaka a kafaɗa: kafin ka yi taku goma mutum biyar sun tambaye ka ko sayarwa za ka yi ko gyara. Ni dai da adireshina na zo. Wani abokina mai POS ne ya haɗa ni da wani yaro Bazazzagi da ke da tebur a saman bene, cikin wani shago da su huɗu suke raba haya.

Muka gaisa, na faɗi wanda ya turo ni, na kwashe labari na gaya masa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi saurin ɗaukar sukundireba ba. Ya kunna ta, ya sa wata 'yar manhaja mai nuna zafin kwamfuta, mai suna HWMonitor, ya juyo mini fuskar ya ce, "Yaya, duba nan." Ba a buɗe komai ba amma zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya haura digiri 65. Da ya buɗe wani aikina ya ɗan jujjuya hotuna, cikin minti biyu lambar ta kai 97. Ya ce irin wannan firosesa iyakarta wajen digiri 100 ne, in ta doshi nan sai ta rage wa kanta gudu don ta huce, wanda shi ne nauyin da nake ji, in kuma abin ya ƙi sai ta kashe kanta kafin ta ƙone. Wato abin da na ɗauka lalacewa ne, ashe kwamfutar ceton ranta take yi.

Ya tambaye ni ko ina da kwafin ayyukana a wani wuri. Na ce babu. Ya ce shara ba ta taɓa ma'ajiya, amma shi ba ya buɗe kayan mutum sai ya faɗi wannan. Na kwashe manyan fayiloli a filashi, muka yi ciniki a kan naira 8,000.

Daga nan na ja kujera na zauna, domin ni ba na barin kayana a kasuwa in tafi yawo. Ya kife ta, ya kwance notin bayanta yana jera su a kan wani ɗan maganaɗisu, ya zura wani siririn roba kamar katin ATM ya ɓalle murfin. Kafin ya taɓa komai sai da ya zare wayar batir daga jikin bod, wato babban allon da kayan cikinta ke haɗe a kai, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Da na leƙa ciki har na ɗan ji daɗi, domin ban ga wata ƙura ta a zo a gani ba, sai ɗan fari-fari a fikafikan fanka. Na ce, "Injiniya, ai ba ta yi datti ba." Ya yi dariya bai ce komai ba, ya kwance noti uku ya ɗaga fankar.

Gani ya kori ji. Tsakanin bakin fankar da wasu siraran haƙoran ƙarfe masu kama da matsefi, inda iska ya kamata ta bi ta fita, akwai wani abu baƙi ƙirin da ya toshe wurin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sa hantsaki ya kamo gefensa ya ja a hankali, sai ga shi ya taso gaba ɗaya bai ko yage ba, tsawon ɗan yatsa, kaurinsa kamar yankin tsohon bargo. Ya ɗora mini a tafin hannu. Na murza shi, ga zaren tufafi, ga gashi, ga wani danƙo da ya bar mini baƙi a yatsa kamar na shafa gindin tukunya.

A nan ne ya yi mini bayanin da shi kaɗai ya isa kuɗin motata. Zafin firosesa wani bututun jan ƙarfe ne ke kwashe shi ya kai wa haƙoran nan, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu zafin ya fita waje. In haƙoran suka toshe, fanka ta yi ta gudu har ta gaji, iskar ba ta da hanya. Shi ya sa faifan da na saya bai tsinana komai ba, ƙofar fita ce a rufe. Ya ce lokacin da yake koyon aiki a Zariya, ƙurar can busasshiya ce, ana hura mata iska take tashi. Ta Legas kuwa daban take. Hazon hunturu yakan iso har nan, ko da na 'yan makonni ne a Disamba da Janairu, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi tun daga Sahara, da yawansa ma daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. (Ƙurar da muka baro a gida ta biyo mu har bakin teku.) Sai ta tarar da laimar garin nan wadda ko rigar da ka shanya ba ta barin ta bushe da daɗi, ta haɗu da hayaƙin janareta da na motoci, ta zama kamar kwaɓaɓɓen siminti.

Ya ce, "Yaya, ina kake ajiye janaretanka?" Na ce bakin ƙofar shago. "Akwai mai suya kusa?" Na ce mai ƙosai ce, kullum safe. Ya gyaɗa kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na ƙara masa da cewa da dare nakan tafi da ita gida in ɗora a kan katifa in kalli ƙwallo. Ya ce to ga inda zaren ya fito, kuma katifa tana toshe ramukan ƙasa da take shaƙar iska ta cikinsu.

Sauran sharar ba ta ɗauki lokaci ba. Buroshin fenti ƙarami mai laushi, auduga da sifirit a fikafikan fanka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fita baranda ya hura da bulowa. Na lura duk lokacin da zai hura sai ya dafe fankar da yatsa. Ya ce in aka bar ta tana juyawa da ƙarfin bulowa takan wuce gudun da aka yi ta dominsa, gindinta ya lalace, ka zo shara ka koma da sayen fanka.

Yanzu ga inda muka ɗan saɓa. Ina duba saƙo a waya, ɗagowar da zan yi sai na ga ya riga ya kwance bututun jan ƙarfen daga kan firosesa. Ya nuna mini man nan mai ruwan toka da ake shafawa a tsakaninsu don zafi ya ratsa da kyau, ya bushe ya farfashe kamar ƙasar fadama da rani. Ya ce sai an sa sabo, naira 4,000. Na ce, "Haba Injiniya, ai da ka faɗa tun muna ciniki." Ya ce ai duk wanda ya zo shara ya san da wannan. Ni ban sani ba. Kuma da zarar an ɗaga ƙarfen nan ba a mayar da shi a kan tsohon mai, ka ga ke nan ba tambayata yake yi ba, sanar da ni yake. Ban ce man bai kamata a canza shi ba, wanda na gani da idona ya gama aiki. Amma ciniki ciniki ne, a gaya wa mutum kafin a kwance. Da kuɗin motar komawa kawai na rage a aljihu fa? Ya goge tsohon da sifirit har wurin ya yi ƙyalli, ya ɗiga sabon bai fi ƙwayar wake ba, ya ɗaure notin a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don ya zauna daidai.

Abu na biyu, lokaci. Aikin da bai fi na minti 40 ba ya cinye mini kusan awa uku, domin duk wanda ya leƙo da fasasshen gilashin waya sai ya ajiye tawa ya saurare shi. Har azahar ta same ni a wurin.

Da ya haɗa ya kunna, na kasa kunne ban ji komai ba, har na ɗauka ya manta bai jona fankar ba. Lambar ta tsaya a 44. Muka buɗe aikin nan da ya kai ta 97, ta hau 72 ta tsaya a nan. Na sa hannu a gefe, iska mai ɗumi na fitowa da ƙarfinta, abin da na manta rabon da in ji. Na biya 12,000 raina ba daɗi a kan dubu huɗun, amma ban yi jayayya ba.

Sai da na isa gida na ga rami ɗaya a bayanta babu noti, kusa da maƙalar murfi. Na kira shi ya ce in shigo kowane lokaci ya sa mini. Daga Agege zuwa Ikeja saboda noti ɗaya!

A hanyar fita kasuwar na sayi ƙaramar bulowa ta lantarki saboda babbar kwamfutar tebur da ke shago, don haka bari in faɗi yadda ita ma ta yi. A kan ta tebur ta biya kuɗinta. Na zare waya daga soket, na fitar da akwatin waje, na cire murfin gefe, na taɓa ƙarfen jikinsa kafin in kai hannu ciki saboda ɗan lantarkin da jikin mutum ke tarawa, na soka tsinke a kowace fanka don kada ta juya, na hura daga ɗan nesa. Ƙurar da ta tashi sai da mai shayin gefena ya rufe kofunansa yana cewa, "Maigida, yau kuma rusau ake yi?" Laifina ne, da na yi da sassafe kafin ya fito, kuma da na sa takunkumi, domin na kwana ina atishawa. Akwatin wutar da ke can ƙurya ban buɗe shi ba, daga waje na hura, saboda yana iya riƙe wuta ko bayan an zare shi. Danƙon da ke fikafikan fanka kuwa bulowa ba ta iya masa ba, sai da na bi da buroshi da auduga kamar yadda na ga an yi.

A kan laftof kuma ba na ba kowa shawarar ya tsaya daga waje ya hura. Bargon da aka ɗora mini a hannu daga ciki yake manne, iska daga waje in ta yi ƙoƙari ta tura shi cikin fanka ne ya cushe ta. Ko dai ka iya buɗewa, ko ka kai wa wanda ya iya. Wasu laftof ɗin murfin baya kawai ake cirewa, wasu sai an ɗaga madannai da bod kafin a kai ga fanka, to irin waɗannan kada ka koyi aski a kansu. Akwai kuma iskar gwangwani da ake sayarwa. Ban saya ba, domin ba ta daɗewa take ƙarewa, ga shi in ka karkata gwangwanin ruwa mai sanyi yake fesowa, kuma yawancinsu suna kama wuta.

Yau wata biyar ke nan. Ba ta sake mutuwa ba ko sau ɗaya, har a zafin Maris. Na matsar da janareta can bayan shago da doguwar waya, na samo wani katako da nake ɗora ta a kai in zan kalli ƙwallo, mai ƙosai dai tana nan inda take, ba ni da yadda zan yi da ita. Ya ce in riƙa kawowa duk wata shida. Ina ganin a nan akwai ɗan neman kasuwa, ga wanda ke aiki a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki sau ɗaya a shekara ya isa, amma mai shago a bakin titi irina ba zan musa masa ba, domin jiya na duba lambar ta fara komawa 50.

Zan koma wurinsa? Zan koma, hannunsa yana da kyau kuma ba ya ɓoye abin da yake yi. Sai dai wannan karon da safe zan je kafin masu waya su taru, kuma kafin ya ɗauki sukundireba sai ya lissafa mini komai har da man, in ji jimla da kunnena. Ramin notin na liƙe shi da salatif don kada ƙura ta samu sabuwar ƙofa, murfin yana ɗan ƙara in na buɗe da hannu ɗaya.