Yawon tarihi a Filadelfiya: na kuɗi da na kyauta

Duk wanda zai je Filadelfiya ganin wuraren tarihi, kar ya yi gaggawar biyan kamfanonin nan masu zagayawa da mutane a ƙafa. Mu mun biya ɗaya, kuma kuɗin ba kaɗan ba. Yaron da ya jagorance mu yana da fara'a ba laifi, amma sauri yake kamar an biyo shi, a tsaya a ɗau hoto a wuce, na tambaye shi wai me ya sa aka ɗauke babban birnin Amurka daga nan sai ya ce min "siyasa ce kawai" ya ci gaba da tafiyarsa. Haba malam.

Amsar sai a Congress Hall na same ta, kuma ko sisi ba a biya, bincike kawai ake yi a ƙofa. Ma'aikaciyar gurin ta zaunar da mu a ɗakin ƙasa inda majalisar wakilai ta zauna daga 1790 zuwa 1800, ga tebura a jere rabin da'ira, sanatoci kuma a sama suke. Ashe gwamnatin Amurka ta sha yawo, 1776 lokacin yaƙin neman 'yanci sun gudu Baltimore saboda sojan Ingila, 1777 suka sake arcewa Lancaster inda kwana ɗaya tal suka yi zama sannan suka wuce York. Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 1783, wannan karon ba Turawan Ingila ba ne, sojojinsu ne na kansu da ba a biya albashi ba suka kewaye Independence Hall, ginin da majalisar ke zama a ciki a lokacin, gwamnatin jihar Pennsylvania ta ƙi turo dakaru su kare su, dole 'yan majalisa suka tattara nasu ya nasu sai Princeton, daga nan Annapolis, Trenton, sai New York inda aka rantsar da shugaban ƙasa na farko George Washington a 1789. Ta ce wulaƙancin nan yana cikin dalilan da suka sa aka nemi birnin da ba ya ƙarƙashin kowace jiha. A 1790 manyan 'yan siyasar ƙasar Hamilton da Jefferson da Madison suka daidaita, tarayya ta ɗauki bashin yaƙin jihohi, 'yan kudu kuma a ba su babban birni a bakin kogin Potomac, Filadelfiya ta riƙe na shekara 10 kafin a gina Washington. Wani ɗan uwa da muke tare ya ce to ai mu ma 1976 aka yanke maganar Abuja amma sai 1991 aka tashi daga Legas.

Matsalar kawai bayanin nata gajere ne kuma layi na iya tsawo, a je da sassafe. Independence Hall da ke gefe ana yawan buƙatar tikiti mai lokaci, a duba ta intanet tun daga gida. Kamfanin yawo na ba shi tauraro 2, Congress Hall 5.