Jami'ar Bayero ko Jami'ar Northwest: Amsa ga Tambayar Hajiya

Hajiya, kin tambaya a wannan zaure cewa 'yarki ta kammala sakandare, kuna zaune a cikin birnin Kano, ba kya son ta yi nisa da gida, kuma kin rasa wadda za ku sa a gaba tsakanin Jami'ar Bayero da Jami'ar Northwest. Kin ƙara da cewa wasu sun gaya miki ta jihar "ta 'yan siyasa ce", kina son a fayyace miki ko akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Allah Ya sanya wa yarinyar albarka. Tambayar taki ta biyu ita ce ta fi nauyi a wurina, domin abin da ya fi raba jami'o'in nan biyu ba yawan gine-gine ba ne, yadda ake samar da shugaba ne da kuma wanda shugaban yake jin maganarsa.

Jami'ar Bayero ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma ta daɗe ana damawa da ita. Ta faro ne a shekarar 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa kwalejin suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta ci gaba da zama reshen Zariya, har zuwa 1977 da ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar jami'a. Ita kuwa Northwest ta Gwamnatin Jihar Kano ce, an kafa ta a 2012 a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta kuma fara karatu a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa kafin a gina mata mazauninta na dindindin a kan hanyar da ta haɗa Kabuga da Ƙofar Ruwa. Ke nan tazarar da ke tsakaninsu ta wuce shekara hamsin idan aka ƙirga daga tushe, kuma duk kwatancen da ya manta da wannan tazara bai yi wa ƙaramar adalci ba.

Ta fuskar wuri, kowace tana da sauƙinta da wahalarta. Bayero ta bazu a sassan gari: tsohuwar jami'a tana bakin ganuwa kusa da Kabuga, sabuwar jami'a tana can kan titin Gwarzo wajen Rimin Gata, ɗaliban likitanci suna samun horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya kuma tana Gidan Mambayya a Gwammaja. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar tsohuwar jami'a da misalin ƙarfe bakwai na safe ya san abin da wannan bazuwa take nufi ga ɗalibi: yara sun yi cirko-cirko da jakunkuna a kafaɗa, kowa yana duban hanya yana duban agogon wayarsa, ana jiran bas ko adaidaita sahun da zai kai su sabuwar jami'a kafin malami ya shiga aji. Kuɗin motar nan na kullum abu ne da iyaye da yawa ba sa sakawa a lissafi sai an fara karatu. Northwest kuwa jami'ar cikin gari ce a haƙiƙanin ma'anar kalmar, mafi yawan ɗalibanta daga gidajen iyayensu suke zuwa su koma, kuma ga yarinyar da ke zaune a cikin ganuwa, tafiyar ba ta da nisa. Idan kina son ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, Bayero ce ta fi tanadi a wannan ɓangare, kodayake can ma masu nema sun fi gadajen yawa.

Yanzu ga batun shugabanci. A takarda, tsarin jami'o'in biyu kusan ɗaya ne. Kowace tana da majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da ɗaukar ma'aikata da manyan tsare-tsare, tana da majalisar manyan malamai mai iko a kan karatu da jarrabawa da bayar da digiri, sannan tana da shugaban jami'a da mataimakansa da magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu. Inda suka rabu shi ne a can sama. Mai babban ikon sa ido a kan Bayero shi ne Shugaban Ƙasa, wanda yake Abuja da jami'o'in tarayya masu yawa a gabansa. Mai wannan iko a kan Northwest kuwa Gwamnan Kano ne, wanda ofishinsa bai fi tafiyar 'yan mintuna daga harabar jami'ar ba, shi ne mai naɗa 'yan majalisar gudanarwa na waje, shi ne mai amincewa da naɗin shugaban jami'a, kuma daga baitulmalin jiharsa ake biyan albashi.

A jami'o'in tarayya doka ta ba majalisar gudanarwa ikon naɗa shugaba, na wa'adi ɗaya mai shekara biyar wanda ba a sabuntawa. Bayero ta ɗora wata al'ada tata a kan wannan doka, wadda nake ganin ita ce sirrin kwanciyar hankalinta. Idan wa'adin shugaba ya zo ƙarshe, 'yan takarar da suka tsallake tantancewa sukan tsaya a gaban taron ma'aikatan jami'a, kowa ya bayyana manufofinsa, a yi masa tambayoyi, sannan a kaɗa ƙuri'a a ƙirga a bainar jama'a. Ƙuri'ar ba ita ce hukuncin ƙarshe ba, hukuncin yana hannun majalisar gudanarwa, amma farfesan da ya tsaya a gaban abokan aikinsa da ɗalibansa na jiya ya yi alkawari da bakinsa ya san cewa bayan shekara biyar cikinsu zai dawo ya ci gaba da riƙe alli. Wannan sani yana gyara zama fiye da kowace takardar gargaɗi.

Jerin waɗanda suka riƙe Bayero ma yana faɗar wani abu. Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Bayansa masanin lissafin nan daga Nsukka, Farfesa J. O. C. Ezeilo, ya riƙe ta na ɗan lokaci a ƙarshen shekarun 1970. A shekarun baya-bayan nan an yi Farfesa Attahiru Jega daga 2005 zuwa 2010, wanda daga nan aka ɗauke shi ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa. Aka yi Farfesa Abubakar Adamu Rasheed daga 2010 zuwa 2015, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Aka yi Farfesa Muhammad Yahuza Bello zuwa 2020. Aka yi Farfesa Sagir Adamu Abbas zuwa 2025. Sannan Farfesa Haruna Musa ya karɓa. Abin lura shi ne, gwamnatoci sun sauya a Abuja da Kano a tsawon waɗannan shekaru, jam'iyyu sun hau sun sauka, amma miƙa ragamar jami'ar bai bi kalandar zaɓen 'yan siyasa ba. Wannan ɗorewa ce ta ba ta damar raya abubuwan da ba sa nuna a shekara ɗaya ko biyu, irin su cibiyar binciken noma a yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da makarantar koyon kasuwanci da Alhaji Aliko Dangote ya gina mata.

Northwest ta fara ne da shugaba daga ƙasar Malesiya, Farfesa Razali Agus, abin da ya nuna irin burin da aka kafa ta da shi. Bayansa Farfesa Mustapha Ahmad Isa ya riƙe ta, sannan Farfesa Mukhtar Atiku Kurawa ya karɓa a 2020, kuma dukansu biyu daga Jami'ar Bayero suka fito. Ina so ki riƙe wannan batu da kyau, Hajiya, domin yana rushe rabin tsoron da aka sa miki. Malamai da dama na Northwest a Bayero suka yi digirinsu na biyu da na uku, wasu manyan kuma daga can aka ɗauko su suka kafa sassa. Yarinyar da ta zauna a aji a Northwest sau da yawa tana shan ruwan rijiya ɗaya ne da takwararta ta titin Gwarzo, guga ne kawai ya bambanta.

Sauran rabin tsoron kuwa yana da tushe, kuma ba zan ɓoye miki ba. Dubi abin da ya faru da sunanta. An kafa ta Northwest a 2012. A 2017, bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanya mata sunansa. Da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo, aka mayar mata da sunanta na asali, sunan Ɗanmasani kuma yanzu yana kan jami'ar ilimi ta tarayya da ke Kano, wato tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ba ina cewa ɗaya daga cikin matakan nan ya taɓa ingancin karatu a aji ba ne. Abin da nake cewa shi ne, jami'ar da aka sauya wa suna sau biyu kafin ta cika shekara goma sha biyar jami'a ce da iskar Gidan Gwamnati take kaɗawa kai tsaye, kuma a gida ɗaya za a iya samun wa da ƙane da suka yi makaranta ɗaya amma takardun shaidarsu suna ɗauke da suna daban-daban. Saboda haka idan za ku cike fom ɗin JAMB, ku tsaya a kan mai kwamfutar ku karanta sunan da ya zaɓa da idonku, kada a tura ta wata jami'ar ana zaton wannan ce.

Kusancin nan da gwamna yana da fuska biyu. Idan gwamna mai ci yana ganin jami'ar tasa ce, gini yana tashi da sauri, ana ɗaukar malamai, ana sauƙaƙa wa ɗalibai. A 2023 gwamnatin jihar ta rage rabin kuɗin rajista ga 'yan asalin Kano a manyan makarantunta, a daidai shekarar da Bayero ta ƙara nata kuɗin saboda tsadar gudanarwa, har gwamnatin jihar ta shiga biya wa dubban 'yan Kano da ke can. Idan kuma hankalin gwamna ya koma wani wuri, shugaban jami'a komai ƙwarewarsa sai ya koma zaman jiran a saki kuɗi. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne asusun TETFund, wanda yake gina azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje da ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai a jami'o'in gwamnati na tarayya da na jiha baki ɗaya. Bayero ma tana da nata ciwon: duk rigimar da ta tashi tsakanin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da Gwamnatin Tarayya tana sauka a kanta da dukan nauyinta, kamar yajin aikin 2022 da ya ci wata takwas, kuma kasancewar jami'a ta jiha ba tabbacin tsira ba ne daga irin wannan, tunda ƙungiyar tana da rassa a can ma.

Wajen samun gurbi, Bayero ta fi wuya nesa ba kusa ba. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ta raba guraben ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, don haka 'yarki za ta yi gogayya da yaran jihohi da dama, musamman a likitanci da shari'a da harhaɗa magunguna. Northwest an kafa ta ne tun farko don ta kwashe 'ya'yan Kano da suka ci jarrabawa amma suka rasa wurin zama, kuma 'yar asalin jiha mai matsakaicin maki ta fi samun dama a can.

Shawarata a gare ki ita ce ku fara daga kwas ɗin da yarinyar take so da makin da ta samu, ba daga sunan jami'a ba. Idan makinta ya yi sama sosai kuma tana neman fannin da ke buƙatar tsofaffin ɗakunan gwaje-gwaje da manyan farfesoshi da asibitin koyarwa da ya daɗe yana aiki, ku sa Bayero a gaba ba tare da wani kokwanto ba. Idan makin matsakaici ne, kuma fanninta ilimi ne ko harsuna ko kimiyyar zamantakewa ko kwamfuta, ban ga hikimar ta zauna shekara biyu a gida tana maimaita jarrabawa saboda kwaɗayin suna ba, alhali ga Northwest a bakin ƙofa. Ko wacce kuka zaɓa, kafin ku biya ko sisi, ku je sashen da kanku ku tambayi shugabansa ko kwas ɗin yana da cikakkiyar amincewar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, idan kuma likitanci ne ko shari'a ko injiniyanci, ku tambayi amincewar hukumar da ke kula da wannan sana'a da adadin ɗaliban da ta yarje wa sashen ya ɗauka.