Farar ƙasar nano, silika ko roba: me za a saya wa bangon da ke zama gari?

Wanda aka ɗora wa kula da tsohon gini, ko zanen da ke jikin bangonsa, yakan fara neman magani ne ranar da ya shafa hannu ya ga gari ya biyo yatsunsa. Abin da yake buƙata shi ne ruwan da zai ratsa ƙofofin dutsen ya sake ɗaure ƙwayoyin da suka saki juna. Kalmar "nano" da ke jikin kwalba ƙanƙantar ƙwaya kawai take nufi, domin nanomita biliyan ɗaya ne ke yin mita guda. Dacewar maganin da bangon kuwa, irin dutsen da gishirin da ke cikinsa ne suke yanke ta.

Idan dutsen farar ƙasa ne, ko filastarta, farar ƙasar nano ce ta fi cancanta a fara dubawa. Masana a cibiyar bincike ta CSGI da ke Jami'ar Fulorans a Italiya, ƙarƙashin Piero Baglioni, su ne suka fito da ita wajen shekara ta 2000. Ƙwayoyin kalsiyom haidroksaid ne a cikin alkohol, waɗanda bayan alkohol ɗin ya ƙafe suke haɗuwa da iskar kabon dayoksaid su zama kalsiyom kabonet, wato ainihin abin da aka yi dutsen da shi. Ruwan farar ƙasa na gargajiya ma haka yake aiki, sai dai lita ɗaya ba ta narkar da fiye da kimanin giram 1.7, saboda haka sai an yi ta shafawa har bangon ya jiƙe sharkaf, gishirin da ke kwance ya taso. Daga cikin farar ƙasar nano da ake sayarwa, Nanorestore yana ɗauke da giram 5 a lita, CaLoSiL na kamfanin IBZ-Salzchemie da ke Jamus kuma ana samunsa daga giram 5 zuwa 50.

A nan ne masu saye suka fi yin kuskure, domin ido yakan tafi ga mai kauri. Alkohol yana saurin ƙafewa, yana kuma janyo ƙwayoyin su dawo saman dutsen, sai a wayi gari wani farin hazo ya rufe launin zanen. A ganina marar kauri da aka shafa sau da yawa ya fi. Masu aikin sukan shimfiɗa siririyar takardar Japan a kan zanen, su bi ta da buroshi har bangon ya ƙoshi, sannan su ɗora auduga mai laima don ƙafewar ta yi jinkiri. Idan gwaji ya nuna gishirin salfet, dole a fara cire shi, ko a haɗa da bariyom haidroksaid, dabarar da ta samo asali daga aikin masanin kimiyya Ferroni da mai gyaran zane Dini bayan ambaliyar Fulorans ta 1966.

Dutsen yashi da tubalin da aka gasa silika suke so, wato babban sinadarin da ke cikin yashi. Tsohon zaɓi shi ne etil siliket, wanda yake shiga da nisa, amma yana buƙatar busasshen bango da makonni uku zuwa huɗu kafin ya kama, kuma yakan tsattsage a cikin ƙofofin. Silikar nano, irin Nano Estel, a ruwa take, tana jure ɗan danshi, tana kamawa cikin 'yan kwanaki, sai dai ba ta kai etil siliket zurfi ba.

Robar akirilik irin Paraloid B-72 tana da sauƙin samu da saurin kamawa, kuma tana da amfani wajen liƙa ɓallen fenti. A bango mai danshi kuwa toshe ƙofofi take yi, gishiri ya taru a ƙarƙashinta har ya ɓamɓare launin, kamar yadda ya faru da zane-zanen bango da dama a Meziko.

Kafin a biya kuɗin jarka, a nemi takardar bayanin sinadarin da ranar da aka haɗa shi, tunda ƙwayoyin suna dunƙulewa idan sun daɗe a ajiye. A sayi ƙaramar kwalba, a gwada a wuri kamar tafin hannu inda ido ba ya kaiwa, a jira wata guda. Daga nan sai a manna salatif a ɓare don ganin yawan garin da ya biyo shi, a kuma ɗiga ruwa a kwatanta shansa da na gefen da ba a taɓa ba.