Azure Migrate da hanyoyi uku na mayar da saba kan gajimare: yadda na same su a Sakkwato

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sarin magunguna da ke kusa da babbar kasuwar Sakkwato, muna da rassa a Illela da Tambuwal da Birnin Kebbi. Sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da manhajoji da bayanan kamfani, uku ne. Ɗaya na ɗauke da manhajar lissafin kaya da ta kuɗi, ɗaya ta ajiyar fayiloli ce, ta ukun kuma tsohuwa ce da muka gada, babu mai iya faɗin aikinta dalla-dalla. Abin da ya kore mu daga ɗakin saba kowa a garin nan ya san shi. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, dole na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki, dizal kuwa sai dai a yi ta saye. Da hunturu ya shigo, ƙura ta toshe fankokin. Ga shi Windows Server 2012 R2 da babbar sabar ke kai, wa'adin tallafinsa ya ƙare tun 10 ga Oktoba 2023.

Wasu matasan injiniyoyi muka ɗauka haya suka taya ni aikin, muka yi amfani da Azure Migrate na Microsoft, kayan aikin kwashe sabobi zuwa Azure, wato gajimaren Microsoft, inda ake hayar kwamfutoci a cibiyoyinsu ana shiga ta intanet. Ra'ayina a kansa shi ne yana cika alkawarinsa, amma ba kowace saba ta cancanci a kwashe ta yadda take ba.

Abin da ya fi burge ni ya zo tun kafin a kwashe komai. Ana girka wata ƙaramar na'urar leƙe a cikin ofis, ta zauna tana auna yawan aikin da kowace saba ke yi, sannan ta ba da shawarar girman injin da za a yi haya da ƙiyasin kuɗinsa a wata. Wannan awon kyauta ne. Shi ya nuna mana babbar sabar da muke ji da ita ko rabin ƙarfinta ba ta amfani da shi, tsohuwar nan kuma babu kwamfutar da ke neman ta. Muka kwafe abin da ke cikinta a faifai, muka kashe ta. Shawarata a bar awon ya ratsa ƙarshen wata, lokacin da akanta ke rufe lissafi, don a nan ake ganin nauyin gaskiya.

Hanyoyin kwashewa uku ne. Ta farko ita ce a ɗauki saba ɗungurungum, da manhajojinta da saitinta, a dasa ta a Azure. Da ita muka kwashe sabar lissafi, domin wanda ya rubuta manhajar ya ce in aka taɓa mata wani abu ba ruwansa. Ana sa wata 'yar manhaja a cikin sabar, ta riƙa aika kwafin faifai a hankali alhali ana ci gaba da ciniki. Idan kwafin farko ya kammala, sai canje-canje kawai take turawa. Akwai damar tayar da sabar gwaji a keɓe, a shiga a duba ko komai na tafiya, ba tare da an taɓa ta ofis ba. Wannan gwajin ne ya kwantar wa maigidana hankali. Na zaunar da shi na ce, "Alhaji, duba bashin kowane abokin ciniki da kake so." Ya duba na mutum biyu da ya haddace, ya ga daidai, ya ce a ci gaba. Mun yi sauyin ƙarshe ranar Juma'a bayan an rufe shago don tafiya masallaci, kafin la'asar rassa sun koma aiki.

Kayan kwashewar kyauta ne na kwana 180 ga kowace saba, kodayake ana biyan kuɗin ma'ajiyar da kwafin ke sauka. Takwaransa na Amazon, AWS Application Migration Service, kusan haka yake aiki, nasa wa'adin kwana 90 ne. Abin da ya karkato da mu zuwa Azure shi ne Microsoft na ba tsofaffin Windows Server 2012 ƙarin gyaran tsaro kyauta idan a Azure suke zaune, zuwa Oktoban 2026.

Illar wannan hanya ita ce kamar mai tashi daga gida ne da ya loda har tarkacen da ke bayan ɗaki, sannan ya kama hayar wurin ajiye su. Duk abin da ka ɗauko, kana biya masa kowace awa. Farashin kuma da dala aka gina shi. Wanda ya yi lissafinsa kafin Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a hukumance, ya ga yadda ta wuce 1,500 a farkon 2024. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: idan ka kashe injin daga cikin Windows kawai, mita na ci gaba da juyawa. Sai ka sake shi gaba ɗaya daga shafin Azure kuɗin awa ke tsayawa, na faifai kuwa ba ya tsayawa.

Sai batun layi, wanda shi ne ainihin jarrabawar mutumin Sakkwato. Gigabait 600 a kan layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana biyar, in har layin bai yanke ba, namu kuwa yana yankewa. Bayan an gama ma, tsohuwar manhajar da aka rubuta don saba ta ɗaki na gaba tana yi wa rumbun bayanai, inda ake ajiye bayanan ciniki, tambayoyi barkatai kafin ta buɗe shafi ɗaya. Da sabar ta koma nesa, fitar da rasit ya zama jira. Maganin da ya yi aiki shi ne mu sa manhajar kanta ta zauna can kusa da rumbun, masu sayarwa a kanta su riƙa shiga ta Remote Desktop, hoton allo kawai ke zuwa musu. Cibiyoyin Azure na Afirka suna Afirka ta Kudu, an buɗe su a 2019, amma kada a ɗauka sunan nahiya na nufin kusanci. Bayananmu sai sun gangara Legas sun bi wayar ƙarƙashin teku. A auna saurin layi zuwa cibiyar Johannesburg, a auna na Turai, sannan a zaɓa. Mai riƙe da bayanan mutane kuma ya karanta dokar kare bayanai ta 2023, tana da sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje.

Hanya ta biyu ita ce a bar tsohon injin, a kwashe rumbun bayanan kaɗai zuwa irin su Azure SQL, inda Microsoft ke kula da sabuntawa da ajiyar kwafi. A ganina ita ta fi dacewa da ofishin da mutum ɗaya ke riƙe da komai. Mun gwada, manhajarmu ta ƙi, sai mai ita ya fitar da sabon zubi.

Hanya ta uku ita muka bi da sabar fayiloli: ba mu kwashe ta ba sam, mun sayi Microsoft 365 muka zuba takardun a ma'ajiyoyinsa na intanet, SharePoint da OneDrive. Ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin ukun, ita ce kuma ta fi cin rai, domin sai da aka bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ana koya musu. Amfaninta shi ne kwafin fayil na zama a kwamfutar mutum, ko layi ya ɗauke yana aikinsa.

Wannan ɗaukewar ba abin wasa ba ce a wajenmu. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa kowane reshe yanzu yana da layi biyu na kamfanoni daban-daban, da littafin rasit a aljihun tebur, ni kuma duk mako ina sauko da kwafin rumbun bayanai in ajiye a faifai a ofis.

Injiniyoyin sun iya aikinsu, ba su kuma tsuga kuɗi ba. Inda ban ji daɗi ba shi ne da imel ɗinsu suka buɗe asusun Azure, sai da na yi ta bibiya kafin suka mayar da ragamarsa ga kamfani, ba su kuma bar rubutaccen bayanin saitin da suka yi ba. Duk wanda zai ba da irin wannan kwangila ya sa a rubuce tun ranar farko cewa asusun da sunan kamfani za a buɗe shi, a kunna masa faɗakarwar iyakar kuɗin wata, kuma ba za a biya cikon kuɗin aiki ba sai an dawo da kwafin ajiya a gaban idonsa ya ga ya buɗe.