Shiga reshen ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai: me kuɗinka zai saya maka?

Waɗanda suka gama karatun kimiyyar sinadarai, da malaman sakandare, da masu aikin gwaji a masana'antu, suna yawan tambaya ko akwai riba a biyan kuɗin zama ɗan ƙungiyar CSN, wato Ƙungiyar Masana Kimiyyar Sinadarai ta Najeriya. Akwai riba, amma a reshe take. Wanda ya biya don kawai ya liƙa MCSN, wato alamar zama ɗan ƙungiyar, a bayan sunansa, ya koma gida ya zauna, haruffa huɗu ya saya. Wanda ke zuwa taron reshensa yana shiga bita, shi ne kuɗinsa ke dawowa.

Mutane kan cuɗa abubuwa uku, gara a raba su tun daga farko. CSN, wadda aka kafa a 1978, ƙungiya ce ta ilimi da zumunci, shigarta ganin dama ne. ICCON kuwa, cibiyar ƙwararrun masana sinadarai, doka ce ta kafa ta a 1993, ita ke yi wa masu sana'ar rajista da sa musu ido. Sai IPAN, ta dokar 1992, ta masu gwajin abinci da ruwa da magunguna da kayan shafa, waɗanda sa hannunsu ke ba takardar sakamakon gwaji nauyi a gaban hukuma. Katin CSN ba ya maye gurbin rajistar ko ɗaya daga cikin biyun, duk wanda ya ce maka haka bai san lamarin ba.

Rassan sun fi ƙarfi a garuruwan da ke da jami'a. Reshen Kano, wanda Jami'ar Bayero ce cibiyarsa, yana fitar da mujallar ChemSearch. Na Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take ga kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, yana da ChemClass. Ɗalibai suna da tasu ƙungiyar, SCSN, a sassan karatu. Taron reshe kansa ba abin burgewa ba ne: karanta bayanin zaman baya, rahoton ma'aji, lacca ɗaya, sai maganar bikin wane da ta'aziyyar wane. Amfaninsa yana fitowa ne bayan an tashi, a bakin ƙofa, inda ake sanin na'urar wace makaranta ke aiki a wannan watan, wa ya samu fitilar auna dalma, wane dila ne ke kawo asid mai kyau, wane ne kuma ke canza takardar jikin kwalba. Ɗalibin digiri na biyu da ya ji wannan ya tsira daga yawo da samfurinsa gari zuwa gari.

Bitar na'urori ita ce babbar hajar reshe, kuma a nan ne bambancin mai kyau da marar kyau ya fi fitowa. Ɗauki ta AAS, na'urar auna ƙarafa masu guba, wadda aka fi nema a Arewa, kuma da dalili: gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, wadda aka sake gani a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ga kuma ruwan majemun Challawa da Sharaɗa. Bita marar kyau ita ce ta tara mutum hamsin a ɗaki, a haska musu hotuna a bango har azahar, sannan a shigar da su goma-goma su leƙa na'urar daga nesa, a ba su takardar shaida da jaka. Danna maɓalli ba shi ne aikin ba, ko yaro zai koya a rabin awa. Aikin yana wajen shirya samfur, kuma bitar da ta cancanci kuɗinta a nan take kashe rabin lokacinta.

Ga abin da ya kamata ka taɓa da hannunka. Kwalaben gwaji sai sun kwana a ruwan asid naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a ɗauraye da tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na kogi a robar foliyetilin ake ɗebo shi, a ɗiga masa asid naitirik nan take har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin robar, ka auna ka ga kaɗan. Ƙasa kuma a shanya ta a inuwa, a daka a turmin tangaran, a tankaɗe da rariyar roba, domin rariyar ƙarfe tana ƙara nata a ciki. A auna giram 1, a zuba masa asid haidirokulorik da naitirik uku bisa ɗaya, a dafa a hankali cikin akwatin zuƙe hayaƙi har jan hayaƙin ya ƙare, a tace, a cika zuwa millilita 50. Tare da shi dole a dafa kwalbar da babu samfur a ciki, asid zalla. Wannan kwalbar ce ke tona asirin asid mai datti da ƙurar hunturu da ke faɗawa buɗaɗɗen kofi. Idan ka ga sakamako ya fito ƙasa da sifili, mafi yawa laifin daga nan yake: kwalbar da aka ɗauka fanko ta fi samfurin datti.

Ma'aunin kwatance, wato ruwan da aka san yawan ƙarfen da ke cikinsa don saita na'ura, ana haɗa shi daga ruwan da ke da milligiram 1000 a lita. A ɗebi millilita 10 a cika zuwa 100, a samu milligiram 100 a lita. Daga nan a ɗebi 1, da 2, da 5, kowanne a cika zuwa 100. A haɗa su sabbi, domin masu rauni ba sa jure ajiya. Ana karanta dalma a nanomita 283.3 ko 217.0, kadmiyam a 228.8, kuromiyam a 357.9, kuma kowane ƙarfe da fitilarsa. Lissafin ƙarshe shi ne inda da yawa ke tuntuɓe: in na'ura ta nuna milligiram 0.8 a lita, ka narkar da giram 1 cikin millilita 50, to ƙasar tana da milligiram 40 a kilo, ba 0.8 ba. An sha buga maƙalu da wannan kuskuren, har marubucin ya yanke hukunci cewa gona lafiya lau take.

Abu biyu ne ke nuna mai koyarwar ya san aikinsa. Na farko, zai gaya maka gaskiya cewa AAS mai harshen wuta ba ta gani sosai a wajen milligiram 0.01 a lita, wanda shi ne iyakar dalma a ruwan sha a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka in aka rubuta maka "ba a gani ba" a kan ruwan rijiya, ba a ce ruwan ya tsira ba. Sai an tattara samfurin ya yi kauri, ko a kai shi na'ura mai tanderun girafait. Na biyu, zai bambance maka kuromiyam. AAS jimilla take bayarwa, alhali mai caji shida shi ne mugun, majemu kuma mai caji uku suke jima da shi. Mai neman na shida sai ya bi hanyar launi da difenilkabazaid, ya karanta a nanomita 540. Sai kuma batun gas, wanda ba a cika ambata ba: asetilin na masu walda yana da datti, yana sa wuta rawa, kuma in tukunyar ta kusa ƙarewa asiton ɗin da ke cikinta yakan biyo bututu ya ɓata karatu ya kuma ci roba. Kafin ka biya kuɗin bita, tambayi mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya, waɗanne fitilu ne a hannu, an tanadi janareta da mai ko kuwa wutar gari aka dogara da ita, kuma ko za a bar ka ka zo da samfurinka. Mai shirya bitar da ya kasa amsa waɗannan, jaka da takarda zai sayar maka.

Bitar FTIR, na'urar gane nau'in sinadari ta hanyar haske, ta fi sauƙi. Milligiram 1 zuwa 2 na samfur cikin kamar 200 na gishirin KBr, a niƙa, a matse ya zama faifai mai gani har hanji. Matsalar ɗaya ce, gishirin yana shan danshi, da damina musamman. In ba a gasa shi a tanda an adana a tukunyar busarwa ba, tudu mai faɗi zai fito a zanen sakamakon wajen lamba 3400, ɗalibi ya rubuta cewa ganyensa na da sinadari kaza, alhali ruwan sama ya auna.

Bitar GC-MS, na'urar rarraba sinadaran da ke cikin samfur da gano sunayensu, ita ce muke so rassa su ƙara tsananta wa. Masu binciken itatuwan magani kan aika ruwan ganye, a dawo musu da jerin sunaye daga rumbun bayanan na'urar, su kwashe duka su buga. Rumbun nan hasashe yake yi, yana ba da mafi kusa ko da kamar ba ta kai ba. Shi ya sa ake ganin sinadaran silikon da suka zubo daga bututun na'urar, ko su fitalet da suka fito daga robar ajiya, an jera su a matsayin maganin da ke cikin zogale ko sabara. Bitar da ta koyar da duba ƙarfin kama, da gudanar da kwalba fanko, da tabbatarwa da sinadari na asali, ta yi wa fannin hidima fiye da lacca goma.

Ziyarar makarantun sakandare ita ce aikin da ya fi arha kuma ya fi tasiri, in an yi shi da kayan gida. A jiƙa zoɓo a ruwan zafi, a raba a kofuna: lemun tsami ko tsamiya su mai da shi ja mai haske, kanwa ko ruwan toka su juya shi kore mai duhu. Yaro ya ga asid da kishiyarsa da idonsa, kuma zai iya maimaitawa a gida. Ga 'yan ajin ƙarshe kuma abin da suke buƙata shi ne su riƙe bututun awo kafin ranar jarrabawar WAEC ko NECO: ɗauraye shi da ruwan da za a zuba, fitar da kumfar iska daga bakinsa, karanta ƙasan lanƙwasar ruwa daidai da ido, ɗigo biyu ko uku na metil orenj, da maimaitawa har karatu biyu su zo kusa da juna da bambancin da bai wuce millilita 0.2 ba. Inda wannan aikin ke raunana shi ne a yi shi sau ɗaya don hoto, a makarantar cikin gari da dama tana da ɗakin gwaji, a bar ta ƙauye da malaminta bai taɓa samun kayan ba. Horar da malamai goma ya fi nuna wa ɗalibai ɗari biyu abin mamaki.

Koyar da haɗa sabulu ga mata da matasa ma yana cikin abin da masana ke shiga, kuma a nan iliminsu ke raba su da masu koyarwar kasuwa. Kowane mai da sodarsa: kilo ɗaya na alayyadi yana cin kamar giram 175, man gyaɗa kamar 135, man kaɗe kamar 128. Mai awo da gwangwani, in ya canza mai bai canza soda ba, ko dai sabulun ya ƙi daskarewa ko ya ci hannu. Soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba mata ruwa a kai. Ba a haɗawa a tukunyar alminiyam, domin tana cin ta. Sabulun kuma ya huta kamar mako huɗu kafin a sayar. Su ne kuma ya kamata su fito fili su hana zuba fomalin a sabulun ruwa, su yi magana a rediyo da Hausa kan nuna ayaba da mangwaro da kabaid, da zuba maganin ƙwari irin su Sniper a buhun wake, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. A ganinmu nan ne muryar rassan ta fi yin ƙasa. Ana gabatar da sakamakon a zauren taro da Turanci, ɗan kasuwar Dawanau da ya fi kowa buƙatarsa bai ji ba.

Mujallun reshe wuri ne mai kyau na fara bugawa, musamman ga ɗan digiri na biyu, amma mai neman ƙarin girma ya fara duba ko jami'arsa na ƙirga su da maki nawa. Babban taron shekara na ƙasa yana zagaya garuruwa, ana haɗa shi da bita da baje kolin kaya. Rajista ba ita ce mai tsada ba, mota da masauki ne. Amfaninsa ga ƙaramin ma'aikaci shi ne ganin dilolin na'urori ido da ido da samun wanda zai duba aikinsa. Gabatar da maƙala cikin minti goma a zauren da rabi suka fita cin abinci ba ya ƙara wa kowa komai.

Malamin jami'a da ɗalibin bincike su shiga ba tare da dogon tunani ba. Malamin sakandare zai amfana in reshensa na ba da aron kaya ko horo, ya tambaya kafin ya biya. Ma'aikacin kamfanin ruwan leda, ko na taki, ko na fenti, ya fara gama rajistarsa ta doka, sannan ya zo reshe don sanin mutane, domin yawancin laccocin na 'yan jami'a ne, ba su cika taɓa matsalar layin sarrafa kaya ba. Duk wanda zai biya, ya biya ta asusun ƙungiya ya karɓi rasit, ya tabbatar an sa sunansa a rajistar reshe da ta ƙasa, ya kuma nemi a nuna masa jadawalin ayyukan shekarar da ta wuce. In babu komai a ciki sai zaɓe da walima, ya halarci zama biyu a matsayin baƙo tukuna.