ntfy a Kan Sabar Kanka: Tana Aiki, Amma Sai Ka Kulle Ƙofa

Manhajar ntfy, wadda Philipp Heckel ya fitar a shekarar 2021 kuma ya bar ta kyauta ga kowa, aikinta ɗaya ne: kwamfuta ta aika saƙo zuwa wani maudu'i, wato sunan da ka zaɓa a matsayin tashar saƙonni, wayar da ke sauraron maudu'in ta yi ƙara nan take. Na ɗora ta a kan ƙaramar sabar (kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana rarraba su) da nake kula da ita a wani shagon atamfa a Kantin Kwari, domin maigidan ya san an adana lissafin cinikin yini ko ba a adana ba, tun kafin ya isa gida.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne makullan shiga, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa. Idan aka bar sabar yadda ta zo, duk wanda ya canki sunan maudu'in zai karanta saƙonnin, har ya aiko da nasa, alhali lissafin ɗan kasuwa sirrinsa ne. Saboda haka dole ne a buɗe fayil ɗin saituna na server.yml, a saita auth-file (inda ake ajiye asusun masu shiga), a mayar da auth-default-access zuwa deny-all, wato a hana kowa shiga sai mai izini, sannan a samar wa kowace na'ura makulli da umarnin ntfy token add. Makullin yana farawa da tk_, ana iya sa masa ranar ƙarewa, kuma idan wayar yaron shago ta ɓata, sai a soke nata kaɗai ba tare da an taɓa kalmar sirrin asusun ba. Sai dai makulli yana ɗauke da kusan dukkan ikon mai asusun, don haka na buɗe wa kwamfutar shago asusu na daban mai izinin aikawa kawai. Kuma in babu HTTPS, wato tsarin ɓoye bayanai a kan hanyar intanet, makullin a fili yake tafiya.

A Android manhajar tana riƙe da sabar kai tsaye, don haka sai an cire ta daga tsarin tattalin batir, in ba haka ba wayar za ta iya kashe ta. Masu iPhone kuwa sai an saita upstream-base-url zuwa ntfy.sh, sabar masu manhajar, domin Apple ba ya tayar da waya sai ta hanyarsa.

Matsalarmu a Kano ita ce wuta. Sabar tana ajiye saƙo na awa 12 don wayar da ba ta kan intanet, amma idan ba a saita cache-file ba, wato fayil ɗin ajiye saƙonni, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta share saƙonnin duka. Wanda ba shi da sola a shago, gara ya yi hayar sabar a waje.